Tarihin Marigayi Bubu Hama, Malamin Lakwal Da Ya Koma Ɗalibin Tsofaffi

A filinmu na yau za mu kawo muku tarihin marigayi Bubu Hama, wanda ya yi shekara 15 da ƴan watanni yana shugabancin majalisar dokokin ƙasar Nijar, ya kuma rasu a Yamai ran 29 ga watan Janairu na 1982. Galibin mutane in an ambaci sunansa, abin da ke faɗo musu a rai shi ne jam'iyyar RDA da zamanin Jori Hamani, ko kuwa gidan ajiyar kayan tarihi na Yamai wanda ake kira da sunansa. Amma akwai wani aikin nasa da ya fi siyasa daɗewa, wanda kuma ya shafi duk mutumin da ya fito daga ajin yaƙi da jahilci da alƙalami a hannunsa, ko a Madawa yake, ko a Buza, ko a Keita. Bubu Hama yana cikin mutanen farko a ƙasar nan da suka tsaya tsayin daka a kan cewa maganar da ke bakin tsofaffi ilimi ce, ta cancanci a zauna a saurare ta, a rubuta ta, a karantar da ita ga yaro da babba.

Daga Foneko zuwa Gore

An haifi Bubu Hama a Foneko, wani ƙauyen Songai da ke kusa da Tera, yamma da kogin Kwara. Shekarar da aka rubuta masa a takarda ita ce 1906. A lokacin da ya isa shiga lakwal ƙasar Tera ba ta cikin Nijar, tana ƙarƙashin kwamandan Dori ne, sai a 1927 Turawa suka yanko ta suka haɗa da Nijar. Wannan ne ya sa karatunsa ya bi ta yamma. Ya fara a Tera, aka wuce da shi Dori, daga nan Wagadugu.

Shiga lakwal a wancan zamani ba abin murna ba ne. Kwamanda ne ke aika wa sarakuna cewa a kawo yara kaza, sarakuna su raba wa masu gari, iyaye kuwa su yi ta ɓoyon ƴaƴansu, don a ganinsu wanda Nasara ya ɗauka ya tafi ke nan, ba gona, ba allo. Yaron da aka kai ba ya jin ko kalma guda ta Faransanci, ga shi kuma an hana shi magana da harshen uwarsa a cikin aji. Tarihin da ake karantarwa galibinsa na Faransa ne, da na yadda Turawa suka ci ƙasashen baƙar fata. Bubu Hama ya ba da labarin wannan rabuwa da gida, da yadda ya tsinci kansa tsakanin ilimin kakanni da na Nasara, a cikin littafinsa mai suna Kotia-Nima, wanda aka buga a Paris kashi uku a 1968 da 1969, ya kuma ci babbar kyautar adabi ta marubutan Afirka masu rubutu da Faransanci.

Daga Wagadugu ya samu shiga makarantar horon malamai ta William Ponty, wadda a lokacin take tsibirin Gore, daura da Dakar. Ita ce babbar makarantar da Faransa ta tanada wa ƴan Afirka ta Yamma duka, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe ƙasashensu bayan ƴancin kai ta nan suka biyo. Ya fito a 1929, ya zama ɗan Nijar na farko da ya samu takardar cikakken malamin lakwal daga wannan makaranta. Ya komo gida ya kama aiki a Yamai, wadda shekara uku kacal ke nan da mai da ita babban birni a maimakon Damagaram.

Malami a aji, ɗalibi a zaure

Abin da ya bambanta Bubu Hama da yawancin tsararsa shi ne bai ɗauki takardar da ya samo a Gore a matsayin katanga tsakaninsa da mutanen ƙauye ba. A zamanin, wanda ya iya Faransanci ya sa kwat da takalmi yakan ga tatsuniya da kirari da labarin kaka da kakanni abin kunya ne, shirmen marasa ilimi. Shi kuwa in ya tashi daga aji sai ya nemi dattawa, da maroƙa, da masunta, da masu tsafi, da malaman zaure, ya zauna ƙasa yana tambaya yana rubutawa. Da ya je aiki Tilaberi ya haɗu da wani likita Bafaranshe mai suna Jean Boulnois, mai sha'awar sanin al'adun mutane. Suka haɗa kai, ɗaya da sanin harshe da mutane, ɗaya da sanin yadda ake tsara bincike. Sakamakon wannan aiki shi ne littafin da suka fitar tare a 1954 a kan daular Gawo, da tarihi da al'adu da asiran Songai. Haka kuma ya yi abota mai tsawo da Jean Rouch, wanda ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, daga baya ya shahara wajen ɗaukar silima a kan rayuwar mutanen bakin kogi.

Ya kamata mai karatu ya san irin gardamar da ake yi a lokacin, don ya gane nauyin abin. Masana da yawa a Turai sun daɗe suna cewa baƙar fata ba su da tarihi, tun da a ganinsu tarihi sai da takarda. Wannan magana ta karye ta fuska biyu. Da farko dai akwai takardun: malaman Tambutu sun rubuta tarihin sarakunan Songai tun ƙarni na 17, akwai tarihin sarakunan Kano, akwai na sarakunan Agadas, ga kuma abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka bari. Sa'an nan inda babu takarda akwai mutanen da aikinsu ke nan tun kakanninsu, su haddace sunayen sarakuna bi da bi, da yaƙe-yaƙensu, da inda aka taso da inda aka sauka. Bubu Hama ya kama hanyoyin nan biyu gaba ɗaya, bai yar da ko guda ba.

Daga 1954 zuwa 1957 aka ba shi riƙon reshen Yamai na cibiyar bincike ta IFAN, wadda hedkwatarta ke Dakar. Wannan reshe ne ya girma ya zama cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH, wadda ke cikin jami'ar Yamai.

Siyasa

A 1946, shekarar da aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki, aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, wadda ta zama reshen RDA a Nijar. Bubu Hama yana cikin jiga-jiganta tun daga farko, har ya zama shugabanta. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba na 1958, shi da Jori Hamani suka bi ɓangaren masu cewa i ga tayin Janar de Gaulle, Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba suka ce a'a. Masu i suka yi rinjaye. Ran 18 ga Disamba na wannan shekara aka kafa jamhuriya, Jori ya kama gwamnati, Bubu Hama ya hau kujerar shugaban majalisa. Yana kanta aka samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta na 1960, bai kuma sauka ba sai da soja suka sauke shi.

Da ya samu iko bai ajiye alƙalami ba, sai ma ya jawo ikon ya sa shi aikin tarihi. Da goyon bayansa aka buɗe gidan ajiyar kayan tarihi na ƙasa a 1959, inda aka gina irin ɗakunan kowace kabila, aka zaunar da maƙera da masaƙa da dukawa suna aikinsu a gaban jama'a. Ya sa aka shiga nemo tsofaffin littattafan Larabci da na ajami daga gidajen malamai, a nan cikin ƙasa da ƙasashen maƙwabta, wasu a karɓo su, wasu a kwafe a mayar wa masu su. Da farko a ginin majalisar dokoki ya tara su, abin da ba a saba gani ba, a ce gidan dipitoci ya zama rumbun takardun malamai. Daga baya aka mai da su cibiyar IRSH, inda yawansu ya kai dubbai.

Hukumar UNESCO ta ƙudura a 1964 cewa za a rubuta tarihin Afirka gaba ɗaya, kuma ƴan Afirka ne za su ja ragamar aikin. Nan da nan aka ga ba zai yiwu ba sai an tattara abin da ke bakin mutane. A 1968 gwamnatin Nijar da UNESCO suka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, don amfanin ƙasashen yankin, kuma Bubu Hama yana gaba wajen jawo ta nan, tare da abokan tafiya irin su Amadu Hampate Ba na Mali. A 1974 cibiyar ta koma hannun ƙungiyar haɗin kan Afirka da sunan CELHTO. Da aka buga kashi na farko na babban littafin a 1980, babin da ya yi bayani a kan matsayin tarihi a cikin al'ummar Afirka Bubu Hama ne ya rubuta shi tare da Joseph Ki-Zerbo na ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso. An taƙaita littafin an juya shi zuwa Hausa, saboda haka wanda bai yi lakwal ba ma yana da rabo a ciki.

Littattafan kansa kuwa sun yi yawan da ba za mu jera su a nan ba. A 1967 kaɗai ya fitar da tarihin Gobir da Sakkwato, da bincike a kan tarihin Abzinawa, da tarihin Zabarmawa da Songai. A shekarar da ta biyo ya fitar da na Fulani, da wani a kan yadda Afirka take tarbiyyar ƴaƴanta tun kafin lakwal ta zo. A 1970 ya rubuta tarihin ƙauyensu Foneko, littafi sukutum a kan gari guda ƙarami. Ya kuma tattara tatsuniyoyi da almarar ƙasar Nijar har kashi shida.

Abin da ya haɗa wannan da yaƙi da jahilci

A shekarun da Bubu Hama ke wannan aiki ne gwamnati ta fara karantar da manya. A 1962 aka kafa ƙungiyar masu sauraron rediyo a tare. Mai kula da kowane reshe, wanda sau da yawa malamin lakwal ne, yakan ɗauki akwatin ɗaukar magana ya zaga gari, ya tambayi manomi da makiyayi da matan gida ra'ayinsu a kan wata magana, kamar bashin iri, ko ciwon yara, ko tsadar aure. A aika da faifan Yamai, a haɗa, a watsa, jama'a su taru su ji muryar irinsu tana fitowa daga rediyo, sa'an nan su tattauna. A 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. A 1966 masana suka taru a Bamako suka daidaita yadda za a rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Abzinawa da baƙaƙen boko. Aka shiga buga ƙananan jaridu don waɗanda suka koyi karatu, irin su Ganga, da Sabon Ra'ayi wadda a lokacin take fitowa daga Madawa.

Duk wanda ya taɓa riƙe ajin manya ya san inda gizo ke saƙa. Magidanci ko uwar gida sukan yi rani guda ko biyu suna zuwa aji da dare, su iya haɗa baƙi, a ba su takarda. Damina ta sauka, kowa ya koma gona. In babu abin karantawa da ya shafe su, kafin kaka ta zagayo hannu ya yi nauyi, ido ya manta. Littafin da ke maganar yadda ake zuba taki yana da amfani, amma ba kowa ke ɗokin buɗe shi sau biyu ba. Labarin yadda aka sari garinsu, da wanda ya haƙa rijiyar farko, da dalilin da ya sa zuri'ar wane ke riƙe da sarautar noma, wannan kam mutum zai karanta ya sake, har ya ɗauka ya kai wa ƙanen ubansa ya ce a duba ko daidai ne. Ban da haka, dattijon da ya zauna a aji gaban malamin da bai wuce sa'ar ɗansa ba yakan ji nauyi. Ranar da aka ce shi zai ba da labari malami ya rubuta a allo, ran nan girmansa ya komo, shi ne mai ilimin, yaron kuwa mai alli ne kawai. Tunanin da Bubu Hama ya shafe rayuwarsa yana karewa ke nan.

Ƙasar Adar da Gobir Tudu

In akwai inda wannan aiki ke da kayan yi, to yankin Madawa da Buza da Keita ne, domin a nan Adarawa da Gobirawa da Abzinawa da Fulani suka daɗe suna cuɗanya, kowa da nasa labarin. Littafin da Bubu Hama ya yi a kan Gobir ya bi sawun Gobirawa tun daga Abzin, zamansu a Birnin Lalle, zuwa Alkalawa wadda ta faɗi hannun masu jihadi a 1808, har kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Mutanen Madawa, inda sarautar Sarkin Gobir take, za su ga kakanninsu a ciki. Kusa da Madawa ne kuma kabarin Malam Jibrilu ɗan Umaru yake, malamin da Shehu Usmanu da Abdullahi suka yi karatu a wurinsa, wanda ya je hajji sau biyu ya sadu da manyan malaman Masar.

Ƙofar da ya buɗe wasu sun shiga sun wuce inda ya tsaya. A 1975 cibiyar IRSH ta buga littattafai biyu a kan Adar. Ɗaya na Jibo Malam Hamani ne, a kan Adar kafin zuwan Turawa. Ya zaga garuruwa yana jin ta bakin dattawa, ya gwama da takardun Agadas da na Sakkwato. Ta haka aka daidaita labarin Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Almubarak, wanda ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674, ya yi sarautar Agadas, aka tuɓe shi a 1721 ya komo Adar ya zauna, zuri'arsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Ɗaya littafin na Nicole Echard ne, ita kuwa ba fada ta nufa ba, wurin talakawa manoma da Azna da maƙera ta zauna, ta ji yadda kowace zuri'a ke ba da labarin tasowarta da saukarta. Duk wanda ya aza littattafan nan biyu gefe da gefe zai ga ƙasa guda ce, amma yadda ake ganinta daga ƙofar fada daban, yadda ake ganinta daga bakin gona daban. A 2015 Benedetta Rossi ta fitar da nata a kan Adar daga 1800 zuwa 2000, inda ta saurari har da jikokin bayi, waɗanda da can ba a tambayarsu.

Daga ayyukan nan mai son rubuta tarihin garinsu zai iya ɗaukar ƴan ƙa'idoji. Kada ya tsaya ga baki guda. Makaɗin sarki ba zai faɗi ranar da ubangidansa ya gudu daga fagen fama ba, ba don ƙarya ba, don ba aikinsa ba ne, sai an je garin da suka kore shi za a ji. A rubuta sunan mai ba da labari, da garinsu, da ranar da aka zauna da shi, da wanda shi ya ji daga gare shi, kamar yadda malamai ke kawo salsalar karatunsu. A rubuta maganar yadda ta fito, da Adarancinta ko Gobirancinta, kada a gyara ta zuwa Hausar littafi, domin sau da yawa tsohuwar kalma ita ce shaidar. Kada a manta da mata, su ne suka fi riƙe wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo ta, kuma ta nan ake gane yadda garuruwa suka haɗu. Shekara kuwa tsoho ba zai ba ka lamba ba, zai ce maka shekarar yunwa kaza, ko shekarar da Nasara suka yi faɗa da Kel Geres a Galma. Aikin mai alƙalami ne ya san cewa faɗan Galma a 1901 aka yi shi, yunwar Kakalaba ta kama 1913 zuwa 1914, wadda ake kira El Buhari kuwa ta 1984 ce. Da irin waɗannan turaku ake ɗaure sauran labarin.

Kuma tarihi ba na sarakunan da kaɗai ba ne. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, an fara dasa layukan dogon yaro don tare iska a 1975. A Keita babban aikin farfaɗo da ƙasa ya fara a 1984, da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan fako mata ne, ana biyansu da abinci, mazan sun tafi ci-rani. Rahotannin ofis sun ƙidaya itatuwa da eka. Yadda mace ke tashi da asuba ta bar yara ta hau dutse, da abin da aka ce da ita a gida, da abin da ya sauya a tsakaninta da mijinta da ya komo ya tarar ita ta ciyar da gidan, wannan yana bakin waɗanda suka yi aikin, ƙananansu kuwa yanzu sun manyanta.

Inda aka yi masa ƙorafi

Ba za mu yi wa mai karatu adalci ba in muka nuna Bubu Hama ba shi da aibi. Ta fuskar ilimi, masana tarihi da suka biyo baya sun lura cewa ya yi rubutu da yawa kuma da sauri. Wani lokaci ba ya bayyana wanda ya ba shi labari, wani lokaci almara da tarihi sukan gauraya a shafi guda, yakan kuma ɗauko dogayen sassa daga rahotannin kwamandojin Turawa ba tare da ya tace su sosai ba. A ganinmu wannan ƙorafi gaskiya ne, sai dai wanda ya fara sarar daji ba a tsammanin gonarsa ta yi kyan ta wanda ya gaje ta. Da yawa daga dattawan da ya saurara sun rasu kafin ƙwararru su iso.

Ta fuskar siyasa abin ya fi nauyi. A 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta koma jam'iyya guda, shi ne kuwa shugaban jam'iyyar. Da ƴan Sawaba suka ɗauki makamai a 1964, aka kuma jefa wa Jori gurneti a filin idi a 1965, gwamnati ta mai da martani mai tsanani, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka tsare mutane masu yawa, wasu suka mutu a tsare. Bubu Hama yana cikin ƴan ƙalilan da ke yanke shawara a lokacin, kuma an san shi da zafi a kan abokan hamayya. Mutumin da ya ce a saurari kowane tsoho, a zamaninsa akwai bakunan da aka rufe. Sai bayan shekaru masu yawa wani masani ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya bi tsofaffin ƴan Sawaba gari gari yana ɗaukar shaidarsu, ya fitar da littafi a 2013. Hanyar da Bubu Hama ya koyar ita aka bi aka rubuta abin da gwamnatinsa ba ta so a ji ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Fari ya kama ƙasar Sahel tun daga 1968, ya tsananta a 1973, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu, ga kuma gunaguni a kan yadda ake raba taimakon abinci. Ran 15 ga Afrilu na 1974 soja suka yi juyin mulki a ƙarƙashin Laftanan-Kanar Saini Kunce. Aka rushe majalisa da jam'iyya, aka kama manyan gwamnati. Bubu Hama yana dab da shekara 70 aka kai shi Agadas aka tsare. Yana cikin wannan hali ne silimar Babatu, wadda Jean Rouch ya ɗauka bisa labarin da Bubu Hama ya tsara a kan mayaƙan Zabarma da suka je ƙasar Gurunsi a ƙarni na 19, ta shiga gasar Cannes ta Faransa a 1976.

Bayan ƴan shekaru aka sake shi, ya komo Yamai jiki ya yi rauni. Bai sake shiga siyasa ba, ya zauna gida da takardunsa har Allah ya karɓi ransa a farkon 1982, yana da shekara 76 bisa lissafin takarda. Wasu rubuce-rubucensa sai bayan rasuwarsa aka buga su. Daga baya gwamnati ta sa wa gidan ajiyar kayan tarihi na ƙasa sunansa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.